Mai Jinyar Kaka

A ofis Nas suke kiranta, alhali ba ta taɓa riƙe allura ba, ganin jini ma juwa yake sa ta. Sunan ya fito ne daga aikin da aka ɗora mata, ya kuma bi ta har gida, inda maigidanta, Malam, mai koyar da lissafi a sakandare, kan tsokane ta da shi duk ranar da ta matsa masa ya sha maganin hawan jini.

Asalinta mai buga takardu ce. Mahaifinsu ya rasu tana budurwa, mahaifiyar ta bi bayansa ba da jimawa ba, aka bar ta da ƙaninta Auta, wanda a lokacin ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba. Ta samu aiki a wani shago kusa da kotu, tana buga wa mutane takardun ƙara da na neman aiki a wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. Mai shagon ya saka mata babbar manhajar da wata ƙungiyar masu sa kai ke rabawa kyauta, don ita ce ba ta raina tsofaffin na'urori.

Wata rana bayan an sabunta manhajar, sai duk haruffa masu lanƙwasa suka ɓace daga allo. Inda ta buga ƙasa ko ɗaki ko ɓera, sai wani ɗan akwati fanko ya tsaya a gurbin harafin farko. Ga masu takardu sun cika benci suna jira. Cikin haushi ta rubuta wa ƙungiyar, ba don tana sa ran amsa ba, don dai ta sauke abin da ke ranta. Sai ga amsa daga wani dattijo da kowa ke kira Injiniya. Bai ba ta haƙuri ba, tambayoyi ya jero mata: buɗe nan, karanto mini abin da kika gani, sauya wancan, me ya faru? Kafin la'asar haruffan sun dawo, ita kuma wani abu ya kama ta wanda bai sake ta ba. Daga nan duk abin da suka sabunta, a kwamfutarta ake fara gwada shi. Tana buga takardun mutane, tana koyon karatun cikin na'ura a tsakani, har ta kai tana aika gyara da kanta. Da ƙungiyar ta samu masu tallafa mata ta kama ɗakuna uku a saman wani shagon tayoyi, Injiniya ya ce ta rufe bencinta ta zo.

Aikin nasu ba mai wuyar fahimta ba ne, yin sa ne wahala. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba abu ɗaya ba ce dunƙule. Tarin ƙananan manhajoji ne, kowace wasu mutane daban ne suka rubuta ta a wata kusurwar duniya. Ƙungiyar ke tattaro su, ta sasanta su har su zauna lafiya da juna, ta naɗe kowace a abin da suke kira ƙunshi, sannan ta aika wa jama'a. Akwai ƙunshi ɗaya da in ya faɗi komai ya faɗi, wato manhajar nuni, wadda ke zana duk abin da ido ke gani a allo, tun daga tagogi da haruffa har 'yar kibiyar da linzamin kwamfuta ke ja.

Wadda suke amfani da ita ta tsufa, ta girmi rabin ma'aikatan ofishin. Sai aka fito da sabuwa, mai sauri, mai tsabta, hoto ba ya rawa a cikinta. 'Yan ofis suka raɗa wa tsohuwar suna Kaka, sabuwar kuma Jika. Matsalar ita ce Jika ba ta ga-maciji da tsofaffin na'urori, kuma manhajoji da yawa da mutane ke neman abinci da su ba su san yarenta ba. Aka zauna aka yanke cewa za a riƙa aika duka biyun, kowa ya ɗauki wadda na'urarsa za ta iya, har zuwa ɗan lokaci.

"Ke za ki riƙe mana Kaka," in ji Injiniya. "Jinya ce ta ɗan lokaci, kafin kowa ya ƙaura."

Wani ya ce to ai mun samu nas, aka yi dariya, ita ma ta yi. Ɗan lokacin nan shi ne ya kai har furfura ta fito mata a goshi, har Injiniya ya yi ritaya ya koma ga Mahaliccinsa.

Ɗakinta shi ne na ƙarshe, mai taga ɗaya da ke kallon bayan shagon tayoyi, warin roba na shigowa da zarar rana ta take. Ta jera tsofaffin alluna a kan kanta, masu ƙaton ƙeya da masu faɗi, kowanne ta san halinsa. Akwai wanda sai an mare shi a gefe yake farkawa. Duk lokacin da wani a duniya ya taɓa wata manhaja, ko ta rubutu ce ko ta zane, sai Nas ta gwada ta a kan Kaka, ta gwada a kan Jika, ta gano inda suka saɓa, ta yi ɗinki a tsakani. In ɗinkin ya yi kyau ba wanda zai san an yi shi, mutum zai kunna kwamfutarsa da safe ya ga komai yadda ya bari. Sai ranar da ya warware ne waya ke ƙara.

Cikin masu kiran akwai wani tsoho mai sassaƙa tambari da allunan ƙofa, wanda take kira Baba. Yana da injin yanka da ya saya tun yana da ƙarfinsa, kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, manhajar da ke tuƙa shi kuwa Kaka kaɗai ta sani. Akwai wata makarantar masu raunin gani da ke amfani da manhajar ƙara girman rubutu. Akwai ƙananan ɗakunan gwajin jini da shagunan ɗab'i. Ba masu surutu ba ne a dandalin ƙungiyar na intanet, yawancinsu ba su ma san akwai dandalin ba. Baba dai kan hawo benen lokaci-lokaci yana haki, ya ajiye mata ledar lemu a tebur, ya ce, "'Yata, yaya mai jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Baba, ta ci abinci yau." Su yi dariya.

Auta kuwa a gabanta ya girma, a cinyarta ya fara taɓa madannan kwamfuta. Ta tsaya masa har ya gama jami'a, kuma kansa na ja, wannan ba wanda zai musa. Ita ta kawo shi ofis, ta riƙo hannunsa kamar ranar da ta kai shi aji ɗaya. Aka ba shi Jika, ya riƙe ta da kyau ƙwarai. Ana gayyatarsa taruka yana bayani, hotonsa na fita a shafin ƙungiyar, Nas na nuna wa maƙwabta a wayarta. Da kujerar shugaban sashen fasaha ta zama fanko aka ba shi, ta dafa abinci ta kai ofis kowa ya ci.

A makon farko na shugabancinsa ne, a gaban mutane, ya ce, "Nas, ina rahotonki?" Ta ɗaga kai ta dube shi. Tun da ya iya magana Yaya yake ce mata. Da suka keɓe ya ce kada ta ɗauka da zafi, ofis ne, ba ya son a ce yana fifita 'yar'uwarsa. Ta ce ta gane. Ta kuma gane ɗin, sai dai ganewa ba ta hana abu ciwo.

Shekara da shekaru tana roƙon a ba ta mutum ɗaya ya taya ta. Kaka na da wani aibi tun daga tushe: duk tagogin da ke allo kamar a ɗaki ɗaya suke ba labule, kowace manhaja na iya leƙa abin da ake bugawa a wata. A zamanin da aka gina ta ba a ɗauki wannan a bakin komai ba. Jika kuwa kowa ta ba shi ɗakinsa da ƙofa, shi ya sa ta fi tsaro, shi ya sa kuma manhajar masu raunin gani, wadda dole ta ga allon gaba ɗaya kafin ta ƙara masa girma, ta kasa aiki a kanta. Nas ta tsara yadda za a yi wa Kaka ɗan shinge, amma aikin ya fi ƙarfin hannu biyu. Duk matashin da aka turo mata, kafin wata ya zagayo ya nemi a mayar da shi wajen Jika. Ɗaya ya faɗa mata gaskiya: "Anti, in na rubuta a takardar neman aiki cewa Kaka na yi wa hidima, wa zai ɗauke ni?" Auta kuma kullum amsarsa ɗaya: a bari a ga kasafin baɗi.

Sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. A wani ofishin sayar da tikitin tafiye-tafiye, wani ma'aikaci ya sauke wata manhajar banza, ta zauna shiru a kan Kaka tana kwashe kalmomin sirrin da ake bugawa. Aka yi musu ɓarna, labari ya fita, masu tallafa wa ƙungiyar suka fara kiran waya da murya mai sanyi.

Aka kira taro da hantsi a babban ɗaki. Auta ya tsaya gaban allo ya yi bayani tsaf, ba ihu ba zagi. Ya ce mafi yawan jama'a sun koma Jika. Ya ce riƙe biyu na cinye lokacin kowa, kowane gyara sai an yi shi sau biyu. Ya ce waɗanda suka rubuta Kaka tun asali su kansu sun sake ta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, Nas ta fi kowa sani.

Da aka ba ta dama ta miƙe, ta ce, "Ban ce a riƙe ta har abada ba. Na ce a ba mutanen nan hanya kafin a rushe gadar. Makarantar nan fa? A gyara musu manhajarsu ta hau Jika tukuna. Masu injuna a ba su shekara, a gaya musu da baki, ba a shafin da ba sa karantawa ba."

"Su nawa ne?" wani ya tambaya.

"Ban sani ba. Tsofaffin na'urori ba sa aiko mana da ƙidaya."

"To ai kin ji," in ji shi, ya buɗe hannuwa.

Aka ce masu son a janye Kaka su ɗaga hannu. Nata kaɗai ya rage a cinya, sai na wata mai kula da fassara da ta ce ita ba ta bin kowa. Nas ba ta yi fushi da wannan ba. An kayar da ita a fili, kuma ta san ranar za ta zo.

Abin da ya karya ta ya zo ne bayan kwana biyu, a sanarwar da ƙungiyar ta fitar. A tsakiyarta aka rubuta cewa an janye tsohon ƙunshin nuni ne saboda ya daɗe ba ya samun kulawar da ta kamata. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Kowa a wannan sana'a ya san mutum ɗaya ke kula da ƙunshin, sunanta na manne da shi.

Ta shiga ofishin Auta ba sallama, ta rufe ƙofa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kwamiti ne, Yaya."

"Yau kuma na koma Yaya? Wa ya sa hannu?"

Ya shafa kai. "Ni ne. Ki zauna mana. Masu tallafi suna son su ji cewa matsalar ta wuce. In muka ce aibin a tushe yake, za su ce to me ya sa muka yi shekaru muna raba wa mutane? Ƙungiyar ce gaba ɗaya za ta nutse. Ba a ambaci sunanki ba."

"Sai an ambata? Kai da bakinka sau nawa ka ce mini a bari sai baɗi?"

"Kalma ce kawai, Yaya. Nan da wata ɗaya ba mai tunawa."

Ta kalle shi. Ta ga ƙaramin tabon da ke haɓarsa, na ranar da ya faɗo daga kan teburin shagon buga takardu ta ɗauke shi a guje zuwa kemis. Ta ce, "Da wani ne ya yi mini, da na ce bai san abin da na yi ba." Ta buɗe ƙofa ta fita.

Ba a kore ta ba, kuma Auta ya ɗauki wannan a matsayin alherin da ya yi mata. Aka kwashe allunanta aka sayar wa masu gwangwan, aka mayar da ɗakin wurin ajiye kujeru. Ita kuma aka ba ta tebur kusa da ƙofa, da waya, tunda ita ta san masu tsofaffin na'urori, ita za ta fi iya lallashinsu. Haka ta koma mai sanar da mutuwar abin da ta yi jinya. Shugabar makarantar masu raunin gani ta kira, ta ce yara sun zo aji sun tarar rubutu ya koma kamar ƙwayar gero, me za ta ce musu? Nas ta karanta mata amsar da aka rubuta mata ta riƙa bayarwa, cewa ana aiki a kai. Matar ta ce, "Ke ma kin san ba a yi," ta ajiye waya.

Baba bai kira ba, da ƙafarsa ya zo, ba leda a hannunsa. Jikarsa ta danna sabuntawa, injin ya tsaya cak da aikin mutane a cikinsa, ita ce kuma ta karanta masa sanarwar.

"Ashe sakaci kika yi," ya ce, yana tsaye, ya ƙi kujerar da ta ja masa. "Ni ina hawa benen nan da gwiwata, ina ce miki 'yata, ashe kin saki abin kin kama barci."

"Baba, ba haka ba ne."

"To ƙarya suka rubuta? Ƙaninki ne fa aka ce shugaban. Zai yi miki ƙarya?"

In ta wanke kanta, sai ta tsiraita Auta a gaban baƙo da 'yan ofis da suka kasa kunne. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Zan zo shagon in mayar maka da ita." Ya ce ba ya so, ya juya ya sauka yana dafa bango. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Duk da haka ta je washegari, ta mayar masa da tsohon ƙunshin, injin ya tashi. Bai ce mata ta zauna ba, ita ma ba ta nema ba.

A ƙarshen watan ta ajiye aiki. Malam bai hana ta ba, abin da ya ce kawai shi ne, "In kin bari, ki bari gaba ɗaya." Ba ta ji ba. Ta share kusurwar falo, ta sayo tsofaffin alluna biyu daga wurin masu gwangwan, wataƙila ma cikin nata ne, ta ci gaba da naɗe Kaka da kanta tana sakawa a wani shafi, duk mai so ya ɗauka. Har shingen nan da ta daɗe tana roƙo ta fara ginawa, kaɗan-kaɗan, ita kaɗai.

Mutane suka ɗauka kuwa, fiye da yadda kowa ya zata. Sai dai wanda abin ya yi wa aiki ba ya waiwayowa. Masu rubuto mata su ne waɗanda wani abu ya lalace musu, kuma da yake yanzu ba ƙungiya a bayanta, ba sa tauna magana. Wani ya ce in ba za ta iya ba ta ba masu iyawa wuri. Wani ya liƙo mata sanarwar nan, ya ce dama an faɗa. Kowane sabuntawa da ƙungiyar ta fitar kuma sai ya tsinka mata wani ɗinki, don yanzu ba mai gwada komai a kan Kaka kafin ya aika. Wuyan hannunta na dama ya fara kumbura, ta koma danna linzami da hagu. Malam ya riƙa dafa ruwan zafi yana gasa mata, yana faɗa ƙasa-ƙasa: "Nas ɗin da ba ta jinyar kanta."

Zumunci bai yanke ba. Auta kan zo da matarsa da yara, a ci abinci, a yi hirar makaranta da tsadar haya, ba mai kallon kusurwar falo. Wata ziyara ya zo mata da sabuwar kwamfutar cinya, siririya kamar faranti, ya ce ta huta da waɗannan tarkacen. Ta yi godiya, har ta ji zuciyarta ta ɗan yi laushi. Bayan sun tafi ta kunna, ta gane irin sababbin nan ne da Kaka ba ta iya hawa ko kusa. Ta daɗe tana tunanin ko ya sani ko bai sani ba, ta kasa yanke wanne ya fi muni. Ta ba Malam yana shirya jarrabawa da ita.

Hannun ne ya yanke hukunci a ƙarshe. Likita ya ce ko ta bar madannai ko ta rasa riƙon cokali. Ta rubuta layi biyu a shafin cewa ta tsaya, duk mai so ya ci gaba. Ba wanda ya ci gaba. Makarantar ta rufe ajin kwamfuta. Baba ya lallaɓa injinsa har ranar da kwamfutar da ke tuƙa shi ta ƙone, sabuwar da aka samo masa ta ƙi karɓar tsohon ƙunshin, ya sayar da injin a kilo. Nas ta ji labarin ne a bakin jikarsa a tashar mota, yarinyar ta ce yanzu yana zaune a gida, ba ya son a yi masa zancen shago.

Bayan wasu shekaru Auta ya zo shi kaɗai da rana tsaka, fuskarsa a sake, ya ce ya zo mata da albishir. Wata babbar masana'antar saƙa ta tuntuɓi ƙungiyar. Injunanta duka Kaka suke so, sauya su kuwa sai an rushe rabin masana'antar, don haka a shirye take ta ɗauki nauyin a dawo da ita. An ba wani kamfanin waje kwangilar, su kuma da suka bincika sai suka tarar da aikin da ta bari a shafinta, har da shingen da ta kusa gamawa. A kansa suka ɗora. An sa masa sabon suna, ƙunshin dogon zango, masu tallafi sai yabo suke.

"Kin ga aikinki bai tafi a banza ba, Yaya."

Malam da ke gefe yana duba takardun ɗalibai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi."

Auta ya yi kamar bai ji ba. Ya ce akwai wuraren da yaran kamfanin suka kasa ganewa, ko za ta zo ta yi musu bayani na 'yan makonni, za a sallame ta da kyau.

"Masu inji ɗaya irin su Baba fa?" ta tambaya. "Su ma za a ba su?"

"Na masu kwangila ne tukuna. Daga baya a gani."

Ta so ta ce a'a, ta ma shirya kalmomin. Amma tunanin wasu na dagula ɗinkin da ta san kowane zarensa ya hana ta sukuni, ta je. Ƙungiyar ta bar saman shagon tayoyi, ta koma wani gini mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta tambaye ta wurin wa ta zo, ta rubuta sunanta ba daidai ba, ta rataya mata katin baƙo a wuya. Matasa biyu aka haɗa ta da su, masu ladabi, suna ce mata Mama, suna jawo mata kujera. Ba ta taɓa madannai ba, da baki ta yi musu komai: nan kada ku cire, akwai allunan da ke suma in babu shi, nan ku jira na'ura ta amsa kafin ku aika na biyu. Suna rubutawa suna jinjina kai. Ɗayan ya ce, "Mama, wanda ya yi wannan aikin tun farko ya san abin da yake yi. Me ya sa aka ce an yi sakaci da shi?" Ta ce ya tambayi shugabansu, ofishinsa na sama. Ranar da ta gama ta ajiye katin a teburin yarinyar, ta sauka ta hau motar haya.

Yanzu tana gida. Hannun ya yi sauƙi, tana shuka ganye a tsofaffin bokitai a bayan ɗaki, tana raka Malam asibiti ranar ganin likitansa. 'Ya'yan Auta na zuwa hutu wurinta, tana son su kamar ranta, shi ma in ya zo ta ba shi abinci a kwanon da ya fi so. Maganar aiki ce dai ba ta sake shiga tsakaninsu ba, shi kuma ya ɗauka hakan na nufin ta wuce.

Kwanakin baya wata sabuwar maƙwabciya ta shigo da kwamfutar 'yarta a hannu, ta ce an gaya mata maman gidan nan ta san kan waɗannan abubuwa. Ta buɗe, allon na ƙyaftawa, hoton na tsagewa biyu yana haɗewa. Kallo ɗaya Nas ta yi masa ta san abin da ke damunsa, ta san kuma gyaran bai fi a sauya layi ɗaya ba. Ta rufe murfin a hankali ta miƙa mata.

"Wanda ya gaya miki ya yi kuskure, 'yar'uwa," ta ce. "Ni ban san komai a kai ba. Ki kai kasuwa wurin masu gyara."